Madawa, Buza da Keita: yadda ake ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri ba tare da an yi asararta ba

A garuruwan Madawa, Buza da Keita na jahar Tawa, da yawa daga cikin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu, da ɗakunan wasan ƙwallo na matasa, da waɗanda ke hannun ɗalibai, ba sababbi ba ne. Wasu 'yan ci-rani ne suka zo da su tsaraba daga Abijan, Libiya ko Aljeriya, wasu kuma an sayo su a kasuwannin Ƙwanni, Maraɗi, Sakkwato ko Kano, bayan sun gama aikin shekaru a ofisoshin wasu ƙasashe. Ko daga maɓallan rubutu ana iya hasashen hanyar da na'ura ta biyo: wadda layinta ya fara da AZERTY ta fito ne daga ɓangaren masu Faransanci, mai QWERTY kuwa galibi ta Najeriya ta shigo.

Kukan masu su kusan ɗaya ne, wato nauyi. A kunna na'ura a yi ta jira, ga mai takarda a tsaye yana son ya riski motar Tawa kafin ta tashi. A lokacin ajiye takardun jarrabawa ko na gasar ɗaukar ma'aikata, shagon da na'urarsa ke jan ƙafa yana kallo mutane za su tsallaka zuwa na maƙwabcinsa. A ɗakin wasa kuma, da zarar hoto ya fara tsinkewa ana cikin kai hari, yaran da suka biya kuɗinsu ba sa komowa.

Maganin da aka fi sani shi ne a kai wa mai gyara ya yi mata formataj, ya goge komai ya sake zuba Windows. Wani lokaci hakan na taimakawa, to amma sau da yawa bayan 'yan makonni nauyin na dawowa, ga kuma takardun mutane da suka tafi da guguwar gogewa. Dalili shi ne an ba da magani ba a san ciwon ba.

A fara gano inda ciwon yake

Abubuwa uku ne ke yanke saurin kwamfuta. Na farko shi ne furosesa, wanda ke yin lissafin kowane aiki. Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, inda ake baje aikin da ake kan yi. Na uku shi ne faifan ajiya, inda komai ke kwana bayan an kashe na'ura. Manomin albasa na kwarin Tarka zai gane misalin da sauƙi: faifan shi ne rudu, RAM ita ce tabarmar da ake baza albasa a kai ana tsincewa, furosesa kuwa shi ne mai tsintar. Idan tabarmar ƙarama ce, komai zafin naman ma'aikaci, rabin yininsa zai ƙare a kai da kawowa tsakaninta da rudu.

Windows da kansa yana nuna wanda ya gaza cikin ukun. Idan aka danna Ctrl, Maj da Échap a tare, shafin Gestionnaire des tâches zai buɗe, kuma a sashen Performances ana ganin yadda kowanne ke ɗauke da kaya. Idan layin Disque ya tsaya a kashi 100 cikin 100 alhali ba a yin wani babban aiki, faifan ne ke riƙe tafiya. Idan Mémoire ce kullum take dab da cika, RAM ta yi kaɗan ko kuma manhajoji sun yi mata yawa. Idan kuwa Processeur ne ke cike ba dalili, akwai wata manhaja da ke aiki a ɓoye, kuma sashen Processus zai nuna sunanta. Minti biyu na wannan dubawa na iya hana mutum sayen abin da ba shi ne matsalarsa ba.

Zafi da ƙura

Akwai abu na huɗu da ya fi damun yankin Adar da Majiya, shi ne zafi. Yawancin kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka suna ƙayyade cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, zafin rana a wannan yanki yana haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano.

An ƙera furosesa ta yadda idan zafinsa ya doshi digiri 90 zuwa 100, zai rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone. Shi ya sa ake ganin na'ura tana gudu da safe, amma da azahar ta koma kamar jakin da ya sha kaya. Idan wasa ya fara lafiya, bayan kwata ɗaya ya soma tsinkewa, fanka na ƙara kuma ƙasan na'urar ya yi zafi, babu wani saiti na Windows da zai warware wannan.

Ƙurar hunturu ce ke ƙara dagula lamarin. Tana taruwa a bakin fanka har ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar fitar iska. Mai gyaran da ya san aikinsa zai buɗe na'urar, ya cire wannan datti, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ya shafa sabo, wanda masu sana'ar ke kira pâte thermique. Yin haka sau ɗaya a shekara, bayan wucewar hunturu kuma kafin bazara ta kankama, na daga cikin gyaran da ya fi araha da amfani. Kazalika ɗora na'ura a kan katifa, darduma ko cinya yana toshe ramukan shan iska. Teburi ko katako, tare da ɗan ɗaga bayanta, sun fi.

Gyaran da ba ya cin ko dala

Bayan an tabbatar na'ura tana shan iska, sai a koma kan Windows. Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri na daban, a kuma ƙirƙiri abin da ake kira point de restauration, wanda ke ba da damar komawa baya idan gyara ya ɓaci.

Mataki na farko shi ne rage manhajojin da ke tashi tare da na'ura. Da yawa daga cikinsu suna sa kansu cikin wannan layi ba tare da an gayyace su ba, kowace kuma tana cin rabonta na RAM tun kafin a fara aiki. A sashen Démarrage na Gestionnaire des tâches ana ganin jerinsu, ana kuma iya dakatar da duk wadda ba a buƙata da sassafe. Dakatarwar ba ta goge manhaja, tana hana ta tashi da kanta ne kawai.

Na biyu, a cire manhajojin da ba a amfani da su. Masu gyara da dama suna da al'adar cika na'ura da tarin manhajoji bayan formataj domin mai ita ya ga an yi masa aiki. Mafi cutarwa shi ne a haɗa manhajojin rigakafi biyu ko uku a na'ura ɗaya, kowace tana binciken 'yar'uwarta. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai suna Defender, kuma ya wadatar ga mafi yawan mutane muddin ana sabunta shi.

Na uku, a sassauta kwalliya. Inuwar tagogi da motsin da suke yi idan an buɗe ko an rufe su, duk aiki ne ga na'ura mai rauni. A cikin Options de performances akwai zaɓin da ke kashe su gaba ɗaya. Fuskar za ta rage kyau, amma tagogi za su riƙa buɗewa nan take.

Na huɗu, a bar wa faifai wurin numfashi. Idan ya cika maƙil da finafinai da waƙoƙi, Windows ba ya samun inda zai ajiye abin da ya yi wa RAM yawa. Nettoyage de disque yana share tarkacen da tsarin ya tara, sauran kuma sai mai na'ura ya kwashe da hannunsa.

Na biyar ya shafi masu shiga intanet ta hanyar wayar salula. Da zarar Windows ya ga layi, yakan fara sauko da sabuntawa, ya cinye forfen mutum ya kuma nauyaya na'ura. Idan aka sa layin a matsayin Connexion limitée, zai rage wannan ci. Sai dai wajibi ne a ware rana, ko sau ɗaya a wata, a bar shi ya sabunta, domin Microsoft na fitar da gyaran tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata.

Inda ya kamata kuɗi su tafi

Duk waɗannan matakai suna da iyaka. Idan dubawar farko ta nuna faifai ne ke cike da aiki, babu gyaran da ya kai sauya shi. Tsohon faifai yana da faranti mai juyawa da allura mai neman bayani, kamar garmaho. Na kwamfutar tafi-da-gidanka galibi yana juyi 5,400 a minti, yana karanta abin da bai fi megabait 100 da 'yan kai ba a daƙiƙa. Faifan SSD ba shi da abin da ke motsi, kuma ko mai sauƙin kuɗi yana kaiwa wajen megabait 500 a daƙiƙa. Wajen neman ƙananan bayanai da ke warwatse, wanda shi ne mafi yawan aikin Windows, tazarar ta fi haka nesa. Ga wanda ke ɗaukar na'urarsa a kan babur tsakanin Buza da Karofan, ko Keita da Tamaske, akwai ƙarin riba: SSD ya fi jure girgiza.

Sai RAM. Gigabait 4 suna iya ɗaukar Windows 10 da ƙyar, amma da an buɗe shafukan intanet kaɗan tare da Word sai ta cika. Gigabait 8 suna kawo sauƙi sosai. Abin lura shi ne RAM iri-iri ce: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, kuma wasu na'urori DDR3L kawai suke karɓa, don haka gara a tafi da na'urar wurin mai sayarwa a gwada a gaban ido. Haka nan Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko nawa aka ƙara, sai an zuba mai bit 64.

Masu ɗakunan wasa

Wasan ƙwallon ƙafa shi ne sarki a ɗakunan wasa, ko PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, ko FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Abin da ɗan wasa ke ji a matsayin santsi ko tsinkewa shi ne yawan hotunan da na'ura ke zanawa a daƙiƙa guda. Hotuna 60 suna tafiya sumul, 30 ana iya haƙuri da su, ƙasa da haka kuwa ƙwallo sai ta riƙa tsalle.

Hanya mafi sauri ta ƙara wannan adadi ita ce rage girman hoto daga cikin saitin wasan. Hoto mai 1920 da 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, mai 1280 da 720 kuwa ɗigo 921,600 ne, ƙasa da rabi ke nan. Aikin da na'ura za ta yi a kan kowane hoto ya ragu ƙwarai. Bayan wannan sai a sauke inuwa, da kyan ciyawa, da na 'yan kallo.

A riƙa wasa caja na jone, domin a kan batir na'ura tana rage ƙarfinta don ta daɗe. A rufe shafukan intanet kafin a fara. A tabbatar manhajar da ke tuƙa katin hoto, wadda ake kira pilote, ta fito ne daga shafin Intel, AMD, Nvidia ko na kamfanin da ya ƙera na'urar. Windows yana da Mode Jeu tun 2017, wanda ke fifita wasa a kan sauran ayyuka, kodayake abin da yake ƙarawa kaɗan ne. Ga na'urar da ba ta da katin hoto na daban, sanya RAM guda biyu masu girma ɗaya ya fi guda ɗaya babba, domin hoton daga cikin RAM yake ɗibar rabonsa, kuma ƙofa biyu ta fi ɗaya saurin wucewa.

Akwai abin da saiti ba ya iyawa. Na'urar ofis ta shekarar 2013 ba za ta ɗauki sabon wasan bana ba, amma tsofaffin fitowa irin su PES 2013 ko 2017 suna tafiya a kan da yawa daga cikinsu. Haka kuma jinkirin da ake gani a wasan intanet yawanci daga layi yake, da nisan da saƙo ke yi kafin ya kai manyan na'urorin kamfanin wasan a wata nahiya ya komo. Goge Windows sau goma ba zai rage wannan nisa ba.

Garin neman gira

Wasu gyare-gyaren da ake yayatawa sun fi ciwon illa. Na gaba-gaba su ne nau'o'in Windows da wasu mutane suka yanke wa sassa, suke rarrabawa da sunaye irin su Lite ko Gamer. Gaskiya ne suna da sauƙi, to amma sau da yawa abin da aka cire ya haɗa da Defender da hanyar sabuntawa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka cusa a ciki. Na'urar da ake buga takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa da sakamakon jarrabawar mutane a kanta, amana ce a hannun mai shago.

Abin da ya faru a watan Mayun 2017 ya isa darasi. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ta riga ta fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba.

A shagunan yankin, hanyar da cuta ta fi bi ita ce kilen USB da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Kusan duk mai buga takardu ya san cutar da ke ɓoye takardu ta bar raccourci a madadinsu. Kashe rigakafi don neman sauri a irin wannan wuri daidai yake da cire ƙyauren shago don iska ta shigo.

Su ma manhajojin da ke alƙawarin wanke na'ura da dannawa ɗaya, a yi hattara da su. Microsoft ta bayyana cewa ba ta goyon bayan manhajojin share rajistar Windows. A 2017 ma, ɓarayin intanet sun cusa cuta cikin CCleaner, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna, kuma mutane fiye da miliyan biyu suka sauke gurɓatacciyar. Tilasta wa furosesa ya yi gudun da ya wuce wanda aka ƙera shi da shi kuwa, a garin da zafi ke haura digiri 40, neman kashe na'ura ne.

Wutar lantarki

Jahar Tawa tana cikin shiyyar da NIGELEC ke haɗa ta da Maraɗi da Damagaram, wadda ke samun wani kaso na wutarta daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. An ƙaddamar da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, amma yankewar wuta ba ta zama tarihi ba, kuma jama'a ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO.

Idan wuta ta ɗauke na'ura tana cikin rubutu a faifai, bayanai na iya lalacewa, har Windows ya ƙi tashi. Mai kwamfutar teburi yana buƙatar onduleur, wanda ke ba shi 'yan mintoci ya ajiye aiki ya kashe ta yadda ya kamata. Kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu ita ma haka take, ba ta da wani kariya. Bai kamata a fara sabunta Windows ko BIOS ba sai an tabbatar wutar za ta kai ƙarshen aikin.

Bayan Windows 10

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Na'ura za ta ci gaba da aiki, amma ɓarakar da aka gano daga baya ba za a toshe ta ba. Windows 11 yana neman RAM gigabait 4, faifai mai gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Na'urori da yawa da aka ƙera kafin 2018 ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ana iya zuba shi ta bayan gida, amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba.

Masu Windows 7 sun riga sun ga yadda abin ke ƙarewa. An daina kula da shi a watan Janairun 2020, Chrome ya tsaya masa a fitowa ta 109 a farkon 2023, dandalin wasanni na Steam kuma ya sallame shi ranar 1 ga Janairun 2024.

Wata mafita ita ce Linux, tsarin da ake samu kyauta wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Nau'o'insa marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce, suna tafiya da kyau a kan tsofaffin na'urori, suna da Faransanci, kuma cutar raccourci ba ta kama su. Akwai ma Emmabuntüs, wanda wasu 'yan sa-kai a Faransa suka tsara musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, aka kuma yi amfani da shi a ɗakunan koyon kwamfuta a Togo. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, kodayake tsarin shafi na iya ɗan gocewa. Kafin mai shago ya koma, ya kamata ya gwada injin buga takardunsa, domin ana iya tayar da Linux daga kilen USB ba tare da an goge komai ba. Ga masu wasa kuwa, wasanni da yawa na Steam suna tafiya a kansa tun da aka fito da Proton a 2018, amma wasu na intanet masu tsarin hana maguɗi ba sa tashi sam.

Ɗakin wasan da ba ya shiga intanet zai iya ci gaba da Windows 10 ba tare da babbar fargaba ba, matuƙar ana kula da abin da ake sokawa a jikin na'urar. Shagon da ke karɓar takardun jama'a yana kuma aika su ta intanet, shi ne ya fi buƙatar yanke shawara da wuri. Ko wace hanya aka zaɓa, kafin a miƙa na'ura ga mai gyara akwai tambayoyi uku da ya dace ya amsa: me ya gani a Gestionnaire des tâches, yaushe aka buɗe fankar rabon duniya, kuma a ina zai ajiye takardun da ke ciki kafin ya goge.